Sharhi: Shekaru 50 na kokowar takobi a Tahoua, wa ke cin moriyar filin bayan an watse?

Tun da aka naɗa sarkin kokowa na karo na 45 a Dosso a ƙarshen shekarar 2024, hankalin masu sha'awar kokowar gargajiya a Nijar ya koma Tahoua, domin a kanta layi ya zagayo. A filin Hamidine Maidare ne 'yan kokowa 80, goma daga kowace jiha, suka shafe kwana goma suna neman takobin ƙasa karo na 46 a ƙarshen 2025. Wannan karo ya zo daidai da cika shekaru 50 da fara gasar, kuma a garin da aka aza harsashinta a 1975.

Ga mutanen Ader, na gida da na ci-rani, wannan abin alfahari ne. Sai dai bikin ya sake tayar da wata tsohuwar tambaya da akan manta da ita da zarar makaɗa sun fara aiki: me filin ke yi a sauran kwanaki, kuma me ke isa ga garuruwa irin su Birnin Konni, Malbaza da Illela, waɗanda ke cikin wuraren da ake renon matasan da ke shiga da'irar?

Kafin a yi katanga

Kokowa ta girmi kowane fili da gwamnati ta gina. A ƙauyukan Ader da Gobir da Arewa, wasan kaka ne. Idan an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, samari kan taru a dandali ko a bakin kasuwa, wannan gari ya gayyaci wancan. Babu tikiti, babu kujera. Jama'a ce ke zama katanga, yara a gaba, manya a baya, mai kalangu da mai ganga a gefe. Wanda ya yi kaye yakan samu goro, ko ɗan kuɗi, ko riga, amma babban abin da yake komawa gida da shi shi ne suna.

A wancan tsari, wurin wasa ba na kowa ba ne, kuma na kowa ne. Sarkin samari ne ke tsara rana, mai gari ya ba da izini, dattawa su raba gardama. Ba a buƙatar kasafin kuɗi, domin ba a gina komai ba balle a gyara. Wannan shi ne ƙarfin kokowar dandali, kuma shi ne iyakarta: sunan gwani ba ya wuce inda bakin maroƙi da ƙafar fatake suka kai shi.

Abin da ya faru a 1975

Sojoji ƙarƙashin Seyni Kountche sun karɓi mulki a ranar 15 ga Afrilun 1974, ƙasar na fitowa daga fari da yunwar da suka ɗaiɗaita Sahel. Sabuwar gwamnatin na neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafulatani a inuwa ɗaya ba tare da jam'iyya ba. Ta farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, ta gina gidajen matasa, sannan ta ɗauko kokowa daga dandali ta mai da ita gasar ƙasa.

An yi karo na farko a Tahoua a 1975, inda Yacouba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar Maradi, ya zama sarki na farko. A lokacin jihohi bakwai ne. Daga baya aka ware Tillaberi, suka zama takwas. Tun daga farko an tsara cewa gasar za ta riƙa zagayawa, kowace jiha ta karɓi baƙuncin 'yan uwanta. Wannan shawara ce ta haifar da filayen kokowa na zamani, domin duk garin da zai sauki tawagogin ƙasa baki ɗaya da manyan gwamnati dole ya tanadi wuri mai katanga, da matakalan zama, da rumfar manyan baƙi, da inda ma'aikatan rediyo za su kafa kayansu.

Rediyon Muryar Sahel, sannan talabijin ta Tele Sahel, su ne suka ƙarasa aikin. Ɗan kokowar da da ba a san shi ba sai a kasuwanni uku ko huɗu ya zama sunan da ake kira daga Ngigmi har Tera. Waƙoƙin Sagalo suka shiga kowane gida. Har yau, idan ana wasan ƙarshe, zirga-zirga kan ragu a tituna, mutane su yi cincirindo gaban talabijin a shaguna da tashoshin mota.

Idan aka ƙirga, daga 1975 zuwa yau ya kamata a ce an wuce karo na 46. An tsallake wasu shekaru, na baya-bayan nan shi ne ƙarshen 2020, shekarar annobar korona da babban zaɓe. Amma gasar ta tsallake juyin mulki da dama da sauyin jamhuriya ba ta mutu ba, abin da kaɗan ne daga cikin cibiyoyin ƙasar za su yi iƙirarinsa.

Filaye masu sunayen maza

Wani abin da ya bambanta filayen kokowar Nijar da sauran gine-ginen gwamnati shi ne sunayensu. Babban filin ƙwallon Yamai na ɗauke da sunan Janar Seyni Kountche, tituna da gadoji na ɗauke da sunayen shugabanni. Filayen kokowa kuwa an bar wa 'yan kokowa. Na Maradi sunan Kantu, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Dosso sunan Salma Ɗan Rani, na Tillaberi sunan Naroua Sanou, na Tahoua kuma sunan Hamidine Maidare. Yawancin irin waɗannan mazaje manoma ne da ba su yi zurfi a boko ba, amma ga sunansu a saman ƙofar da gwamna ke shiga.

Jihar Tahoua ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Kadade na cikin manyan sunayen zamanin farko. Harouna Abdou ya ɗauki takobi a nasa zamanin. A karo na 38, wanda Tahoua ta karɓa, Yahaya Kaka ya riƙe takobin a gida. Daga baya zamani ya koma hannun Kadri Abdou na Dosso, wato Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadez a Disambar 2023, abin da ba a taɓa yi ba kafinsa.

A cikin filin, tsarin bai sauya sosai ba. Da'irar yashi ce da aka kewaye da buhunan ƙasa. Akwai kirari, akwai layu da guraye, akwai 'yan cali-cali masu kwaikwayon gwanaye don ba jama'a dariya. Sarki na samun takobi, da doki da kayansa, da miliyoyin CFA, ban da kyaututtukan attajirai da kamfanoni. Abin da ya sauya shi ne yawan idanun da ke kallo. Ɗan Ader da ke Abidjan ko Tripoli ko Legas yana bin kowane kaye ta Facebook da WhatsApp, wani lokaci ma kafin na gida ya ji a rediyo.

Kwana goma cikin shekaru takwas

A nan ne lissafin ke fara wuya. Tunda jihohi takwas ne, kowane fili na ganin gasar ƙasa sau ɗaya ne cikin karo takwas. Tahoua ta karɓi na 30, ta karɓi na 38, sannan na 46. Ke nan ginin da aka yi domin babban taro yana ganin wannan taro na kwana goma, sannan ya jira wajen shekaru takwas.

Ba wai filin na zama kufai ba ne a tsakani. Ana wasannin zaɓen tawagar jiha, ana kofunan da attajirai ko kamfanoni ke sakawa, a wasu lokuta a yi taro. Amma waɗannan ba su da jadawalin da aka sani tun farkon shekara, kuma abin da suke shigarwa bai cika kai wa kuɗin kula da gini ba. Shi ya sa al'ada ɗaya ke maimaita kanta a kusan duk jihar da layi ya zo kanta: 'yan watanni kafin gasa sai a kafa kwamiti, a fito da kuɗin gyara, a yi fenti, a gyara rumfa da fitilu da makewayi cikin gaggawa. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake yi wa filayen kokowa.

Gyaran gaggawa ya fi tsada, kuma ya fi wuyar bincike. Aikin da aka ba da a ƙurarren lokaci ba a cika tsayawa tantance farashinsa ba, domin kowa na tsoron a ji kunya gaban baƙi. Kuɗin da za a kashe kaɗan-kaɗan kowace shekara wajen share magudanar ruwa da toshe tsagar siminti sai ya taru ya zama babban kwangila.

Akwai kuma batun wanda ke da alhakin ginin. Ma'aikatar matasa da wasanni ce ke shirya gasar ƙasa tare da hukumar kokowa ta FENILUTTE. Gwamna ne mai masaukin baƙi. Filin kuma yana cikin gari, wanda ke da nasa hukumomin. Tun Afrilun 2024, lokacin da gwamnatin soja ta rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, kantomomin da aka naɗa ne ke riƙe da garuruwa. Idan masu hannu a abu suka yi yawa, ranar biki kowa na da kujera, ranar da rufi ya yaye kuma sai a rasa wanda za a tambaya.

Gine-ginen biki

Wannan matsala ba ta kokowa kaɗai ba ce. Nijar ta daɗe da tsarin zagaya bikin ranar jamhuriya, 18 ga Disamba, daga jiha zuwa jiha, ana haɗa shi da manyan ayyuka. A zamanin Mamadou Tandja, Tahoua ta karɓa a 2007. A zamanin Mahamadou Issoufou, wanda ɗan Dandaji ne a gundumar Illela, an yi Dosso Sogha a 2014, Maradi Kolliya a 2015, Agadez Sokni a 2016, sannan Tahoua Sakola a 2017.

Babu mai musun cewa waɗannan shirye-shirye sun sauya fuskar manyan biranen jihohi. An samu kwalta, da fitilun titi, da wuraren taro. Amma tsarin nasu iri ɗaya ne da na kokowa: kuɗi na zuwa ne saboda rana ɗaya, kuma suna sauka ne a babban birnin jiha. Gundumomi na aiko da 'yan rawa da 'yan fareti da 'yan kokowa, su koma gida da labari.

Mawaƙa ma na neman gida

A ƙasashe da dama, abin da ke ciyar da babban filin wasa shi ne kiɗa. Wasan motsa jiki na da lokacinsa, amma mawaƙi na iya cika wuri a kowane wata. Tahoua na da tarihin da za ta dogara da shi a nan. A cikinta aka kafa gasar kiɗan zamani ta Ɗan Gurmu a 1987, don tunawa da shahararren makaɗin yankin, kuma gasar ta zama matakalar da ƙungiyoyin kiɗa da dama na Nijar suka taka. Mdou Moctar, mai jita da ke zagaya Amurka da Turai, ɗan arewacin jihar Tahoua ne. Mawaƙan Hausa na Kano da Kaduna na da ɗimbin masoya a Konni da Tahoua kamar yadda suke da su a Sakkwato.

Duk da haka, shirya babban wasa a wajen Yamai aiki ne mai wahala. A babban birni akwai zauren Palais du 29 Juillet da cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. A jihohi kuwa mai shirya wasa yakan zaɓi tsakanin gidan matasa, wanda ba ya ɗaukar jama'a da yawa, da fili buɗaɗɗe wanda sai ya yi hayar janareto da na'urar sauti da masu gadi. Filin kokowa na da abin da waɗannan biyun ba su da shi: katanga da ƙofofin da za a iya sayar da tikiti, da wurin zama a zagaye. Abin da yake buƙata shi ne wuta tsayayya, da dandamalin da za a iya kafawa a cire, da farashin haya da aka rubuta kowa ya sani.

Abin da Dakar da Kigali suka gwada

Senegal ce ƙasar da ta fi dacewa a kwatanta da Nijar, domin ita ma kokowa ce sarauniyar wasanninta. A 2018 ta buɗe babban filin kokowa na ƙasa a Pikine, unguwar talakawa a wajen Dakar, mai ɗaukar mutane kimanin 20,000, wanda China ta gina. A shekarar dai ta buɗe Dakar Arena a sabon garin Diamniadio, rufaffen zaure mai kujeru 15,000 na ƙwallon kwando da manyan wasannin mawaƙa. Ruwanda ta buɗe nata zauren a Kigali a 2019, mai kujeru 10,000. A can aka yi kakar farko ta gasar ƙwallon kwando ta Afirka, BAL, a 2021, kuma a 2022 Bankin Kigali ya sayi damar sa masa suna, ya koma BK Arena.

Nijar ba ta da kuɗin irin waɗannan gine-gine a yanzu, kuma ba girman ginin ne darasin ba. Darasin shi ne a Kigali akwai masu aikin da ba su da wata sana'a sai neman abin da zai cika zauren mako bayan mako. A Senegal kuma 'yan kasuwa masu shirya wasa ne ke haɗa karawa, su biya 'yan kokowa, su sayar da tikiti da talla, don haka ana wasa kusan duk tsawon kaka.

Tsarin Senegal na da nasa illa. Kokowarsu ta kuɗi akwai naushi a ciki, kuma rikicin magoya baya bayan wasa ya daɗe yana damun hukumomi. Kokowar Nijar ta tsira da mutuncinta ne saboda ta zauna a matsayin taron zumunci, inda wanda aka kayar ke rungumar wanda ya kayar da shi. Duk wanda zai shigo da kasuwanci cikinta sai ya kiyaye wannan, ya kuma kiyaye kuɗin shiga, kada manomin da ya haifi wasan ya koma leƙe ta saman katanga.

Konni, Malbaza da Illela

Hanyar zuwa takobi daga ƙasa take farawa. Ana tankaɗe a ƙananan hukumomi da gundumomi, sannan jiha ta fitar da goma. Kudancin Tahoua, inda jama'a suka fi yawa, na cikin wannan tankaɗe kowace shekara. Kuma idan ana maganar inda wasa zai iya ciyar da kansa, waɗannan garuruwa na da hujja mai ƙarfi.

Birnin Konni na kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta haɗa Yamai da Maradi da Damagaram, kuma daga Tsernawa hanyar Tahoua ke rabuwa. Tana maƙwabtaka da Illelar Najeriya ta jihar Sakkwato, wadda ba ita ce Illelar Ader ba duk da sunansu ɗaya. Masu kallo a nan ba su tsaya a iyaka ba: Basakkwace na son kokowa da dambe kamar yadda Ba'adare ke so. Malbaza, wadda ta zama gunduma a 2011, na da masana'antar siminti, ga kuma Galmi da albasarta da ta yi suna a duk yammacin Afirka. Illela na da masarauta mai tarihi da ɗimbin 'yan ci-rani masu aiko da kuɗi gida.

Wato akwai jama'a, akwai 'yan kasuwa, har simintin ma a nan ake yin sa. Waɗannan garuruwa ba sa buƙatar irin filin Tahoua. Abin da ya dace da su shi ne matsakaicin fili mai katanga, da matakalai kaɗan, da ruwa da makewayi da fitilun hasken rana, wanda zai ɗauki kokowa da dambe da langa bayan girbi, ya ɗauki mawaƙa a lokacin Sallah, ya ɗauki taron makarantu da baje kolin amfanin gona a sauran watanni. Matakin farko ma bai kai gini ba: a keɓe filin a rubuce. Garuruwan na faɗaɗa, ana yanka filaye ana sayarwa, kuma dandalin da ke bakin gari yau shi ne gidan wani gobe.

Siyasar yanki ma ta shigo cikin lissafin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, rufe iyakar Najeriya ya durƙusar da harkoki a Konni na tsawon watanni. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar da ke shirya gasar kokowar yammacin Afirka wadda Yamai ta sha karɓa, kuma 'yan kokowar Nijar suka sha yin fice a cikinta. Idan wannan ƙofa ta ƙuntata, sai an ƙara yawan wasannin cikin gida, da na ƙawancen Sahel, da na zumunci tsakanin garuruwan iyaka, in ba haka ba matashin da bai shiga cikin goman jiha ba zai shekara bai samu inda zai gwada ƙarfinsa a biya shi ba. Irin wannan matashi ne ke ɗaukar jaka ya nufi Agadez ko Abidjan.

Abin lura bayan an naɗa sarki

A kwanakin gasar, Tahoua kan cika. Masu masauki da 'yan kabu-kabu da masu tuwo da mahauta kan yi ciniki, 'yan ci-rani kan turo kyauta ta waya a sanar da sunayensu a lasifika. Wannan duk alheri ne, kuma an saba ganinsa.

Abin da ya kamata matasa da 'yan jarida su sa wa ido yana zuwa ne daga baya. Nawa aka kashe wajen gyaran filin Hamidine Maidare, kuma an bayyana wa jama'a? Wa aka damƙa wa makullinsa, da wane kasafi na shekara? Akwai jadawalin wasannin da za a yi a cikinsa daga Janairu zuwa damina? Daga cikin kyaututtukan da kamfanoni da attajirai suka yi ruwansu, akwai kason da zai gangara zuwa gundumomi?

Waɗanda suka fara wannan gasa a 1975 sun ɗauko wasan ƙauye sun ba shi gida a birni. Bayan shekaru 50, ƙauyen da ya ba da aron bai daina aiko da 'ya'yansa ba. Idan aka miƙa tuta ga jiha ta gaba, karo na 54 ne zai sake dawo da takobi Tahoua, kuma yaran da za su shiga da'irar a ranar suna nan yanzu suna kokowa a yashin Konni da Malbaza da Illela.